Rasuwar 'Yar Kujera Mai Gyaran Labari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma wani ɗan abu ya tokare ta a gefe guda, Autar gidan marubucin littattafan yara ke sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa karanta wa ɗansa littafin Baba, rasuwar 'yar kujerarta ta katako, shuɗiya a zamanin ƙuruciyarta, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Talata da hantsi, a ɗakin rubutu, bayan doguwar jinya.

An ce kujerarta, kuma ba kuskure aka yi ba. An daɗe ana kiran marigayiya kujerar Baba, daga baya ma har aka koma cewa kujerar Jika, wato 'yar gidan Yaya. To Mama tana nan da ranta, a tambaye ta. Don Auta aka sayo ta, tun Auta ba ta kai tsayin tebur ba, kuma har ranar da ta cika akwai shatin haƙoran Auta a majinginarta.

Marigayiya ba ta cikin masu kyan gani. Fentinta ya daɗe da komawa launin da ba shi da suna, ƙafarta ta baya ta hagu kuma ta ɗan gaza 'yan uwanta tun daga hannun kafinta. Wannan 'yar naƙasar ita ce ta zama arzikinta, ita ce kuma ta ciyar da gidan nan.

Ga waɗanda ba su san yadda Baba ke aiki ba: da safe yake rubutu, da fensir, a bayan tsofaffin takardu, ƙofa a rufe. Mai wucewa zai ji dattijo shi kaɗai yana kukan akuya, ko yana faɗa da kansa da muryar tsohuwa, kada ya tsorata, aiki ake yi. Idan ya haɗa 'yan shafuka sai ya buɗe ƙofa ya ɗaga murya: "Ina Alƙaliya?" A wancan zamanin Auta ce Alƙaliya. Sai ta zo ta hau marigayiya, shi kuma ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙafar tebur, jan fensir a bayan kunne, ya fara karantawa. Ba ya kallon fuskar yaro ko kaɗan. Yakan ce yaro in ya ga ana kallonsa sai ya yi murmushin ladabi, murmushin ladabi kuwa ya kashe littattafai ba adadi. Kunnensa yake kasa wa kujera.

Marigayiya ba ta da yawan surutu, amma ba ta taɓa yin ƙarya ba. In labari ya gundiri yaro ya muskuta, sai ta ce ƙiiƙ, nan take jan fensir ya sauko daga kunne ya soke layin, ko da kuwa Baba ya kwana yana alfahari da shi. In labari ya kama yaro ya jawo ta kusa, sai ta ce gurrr a kan siminti, Baba ya yi ɗan tauraro a gefen takarda. Wani lokacin takan yi shiru gaba ɗaya, shirun da har numfashi ake ji, ran nan kowa a gidan zai ga haƙoran Baba. Tana da wata magana ta huɗu, ƙwaƙ ƙwaƙ ƙwaƙ da sauri, wadda ta daɗe tana rikita Baba yana soke layuka masu kyau, sai da Mama ta fassara masa cewa fitsari ne yarinyar ke ji.

Auta yarinya ce da ba ta iya buɗe baki ba. Ko baƙi aka yi, bayan labule ake nemo ta. Da Baba ya tambaye ta kai tsaye ko labari ya yi daɗi, da sunkuyar da kai kawai za ta yi ta ce e. Marigayiya ce ta zama bakinta. A kanta aka yanke wa akuyar da ta shiga motar haya shafi guda na wa'azi. A kanta aka gano cewa takalmin hagu da ya yi fushi da na dama bai kamata su shirya da wuri ba. Littattafan da yara ke haddacewa a yau, duk ta ƙarƙashin Auta suka bi.

A nan ne mai rashin, wato Auta, ke neman afuwar jama'a, domin ba a faɗin aibin mamaci, kuma ba za a faɗa ba. Sai dai a san cewa marigayiya ta sha yabo a rayuwarta fiye da ƙima. Da aka yi hira da Baba a rediyo aka tambaye shi wa ke duba masa aiki, cewa ya yi: "Babban editana wata 'yar kujera ce mai gajeriyar ƙafa." Aka yi ta dariya, gidan nan ma aka yi ta dariya. Mai zane ya zo takanas ya zana ta a bayan wani littafi, tsaf da ita, har da gurbin fentin da ya ɓare, amma babu kowa a kanta. A shafin godiya na littafin takalmi an gode wa Mama, an gode wa mai buga littafi, an gode wa kujera. Ba a taɓa jin kujerar da ta yi ƙara ita kaɗai a ɗaki ba. Wannan dai lura ce kawai.

Shekarar da Auta ta shiga sakandare, gwiwoyinta suka fara taɓa haɓarta in ta zauna. Amma ba tsayi ne ya raba su ba. Ta yi wayo ne, ta fara gane yadda kafaɗun Baba ke saukowa duk lokacin da aka ce ƙiiƙ, sai ta koyi zama kamar gunki. Ko labarin ya yi sanyi kamar shayin da yake mantawa a kan tebur, ba ta motsi. Wata safiya ya tsaya a tsakiyar shafi ya ce: "Alƙaliya, kin fara jin tausayina. Tashi ki je, kin girma." Ko fushi bai yi ba, har kanta ya shafa. Shi ke nan, aka sallame ta daga aiki saboda ta so ubanta.

Daga nan marigayiya ta shiga hannun jama'a. 'Ya'yan maƙwabta suka hau, ɗan mai shagon bakin titi ya hau, har wani yaro mai majina da ba a san daga ina ya ɓullo ba ya samu tauraro biyu a zama ɗaya. Can kuma Yaya ta haihu, Jika ta tasa, sai kujera da sunan Alƙaliya duk suka koma hannunta, ba tare da an ko sanar da mai su ba. Aikin Auta ya koma kai shayi, ta ajiye, ta fito, ta tsaya a bayan ƙofa riƙe da tire kamar mai neman abin da ta yar.

Daga bayan ƙofar nan ta ji abubuwa. Ta ji Jika ta sa an ce ƙiiƙ saboda ƙadangare ya wuce ta taga. Ta ji an ce gurrr saboda akwai alewa a aljihun Baba. Ta ji yarinyar da ba ta iya ɗaura igiyar takalminta ba tana cewa, "Kaka, wannan ba daɗi, sake wani," shi kuma yana amsawa, "To, ranki ya daɗe." Gaskiya dai littattafan zamanin Jika ma yara sun so su, mai rashin ba ta musa ba. Cewa kawai take yi da an yi wa marigayiya adalci, da ba a mayar da ita doki ba.

Domin lilon da Jika ke yi da ita shi ne farkon ciwon. Mama ma, Allah ya ba ta haƙuri, ta sha taka ta don ɗauko tukunya a saman kantar ɗakin girki. An kai ta wurin kafinta ya ɗura mata gam, Baba na tsaye a kansa yana roƙo kada a warkar da ita gaba ɗaya har muryarta ta ɓace. Ta dawo tana aiki, amma duk mai kunne ya san ƙiiƙ ɗinta ya fara rawa.

Ranar da abin ya faru, an sa Jika a makaranta, safiya ta zama ba tata ba. Littafin kwaɗon da ke tsoron ruwa ya maƙale a shafin ƙarshe, mai buga littafi kuma ya ishi wayar Baba da kira. Baba ya buɗe ƙofa ya ce, "Ina Alƙaliya?" bisa sabo, sai ya ga babu kowa sai Auta da tire. Ya dube ta, ya dubi kujera, ya ce: "Ke, zo ki ɗan riƙe mata wurin."

Riƙe mata. To, an ji.

Auta ta ajiye tire ta zauna a hankali, gwiwoyi a sama. Marigayiya ta karɓe ta ba ƙorafi, ta gane mai ita. Baba ya zauna a ƙasa ya fara. Kwaɗon ya yi kyau, yana zagaya bakin tafki yana ƙirƙiro uzuri, yau mura, gobe baƙi. Auta ta manta da kanta har ta ja kujera, aka ji gurrr, wata tsohuwar gurrr da aka daɗe ba a ji irinta ba. Sai aka zo ƙarshe, inda kwaɗo ya wayi gari haka kawai ya ce shi yanzu jarumi ne, ya faɗa ruwa yana dariya. Auta ta yi niyyar daurewa, jikinta ya ƙi. Ta muskuta.

Marigayiya ta ce ƙiiƙ. Sannan ta ce ƙwas. Kalamanta na ƙarshe ke nan.

Don tarihi, a rubuta cewa ƙafar kujera Baba ya fara ɗauka, ya juya ta ya ce, "Wayyo, ta karye," kafin ya tuna ya ce, "Kin ji ciwo?" Ya daɗe riƙe da ƙafar. Can ya ce: "Yanzu wannan ƙarar, ta labarin ce ko ta nauyinki ce?" Babu kujerar da za ta amsa. Dole ya ɗago ya kalli fuskar 'yarsa, tana zaune a ƙasa cikin ɓaraguzan katako, ita kuma dole ta nemo bakinta inda ta ajiye shi.

"Baba, kwaɗon nan ƙarya yake yi," in ji ta, idonta a kan siminti. "Mai tsoro ba ya wayar gari ya daina. Ka bar shi ya shiga ruwan yana rawar jiki."

Jan fensir ya sauko daga kunne. "Sai kuma me?" in ji Baba.

Shayi ya huce, Mama ta yi kiran abinci har ta gaji. Kujera dai iyakarta ta ce a soke, ba ta taɓa cewa ga abin da za a sa ba. Amma da aka fito, abin da Baba ya gaya wa Mama shi ne: "Kin ga kujerar nan? Har a bakin mutuwa sai da ta gyara mini littafi." Mai rashin ta haɗiye wannan ma, tare da abincinta.

Marigayiya ta rasu ta bar Baba, wanda har yanzu yake karkata kunne wajen da babu komai. Ta bar littattafan da suka cika kanta guda, da jan fensir, da tebur abokin zamanta wanda bai taɓa furta komai ba, da shatin ƙafafunta a kan siminti. Ta bar Jika, wadda ta yi kuka na ɗan lokaci sannan ta tambaya ko sabuwar za ta zo da taya. Ta kuma bar Auta, wadda ita ce ta fara hawanta, ita ce ta ƙarshe.

Game da jana'iza: shawarar Mama ta a sa gawar a murhu ba ta samu karɓuwa ba. Za a ɗaure sassanta da igiya gobe da yamma, a raka ta saman kabad ɗin Auta, inda hannun yara ba ya kaiwa. Ana karɓar gaisuwa a falo bayan azahar. Kada a zo da safe, domin tun ranar Talata mai rashin tana ɗakin rubutu da safe, a kan tabarma, ana tambayarta sai kuma me. Masu zuwa da yara su riƙe abinsu.

Ana kuma sanar da cewa Baba ya ba da aikin sabuwar kujera saboda Jika, don ranakun da babu makaranta, kuma Auta ce ya aika wurin kafinta da saƙon a rage tsawon ƙafa ɗaya kamar ta marigayiya. Saƙo ya isa lafiya, sai dai ya ɗan gyaru a hanya. Za a yi ta da katako mai kauri, ƙafafu huɗu daidai wa daida, ƙusa a kan gam, da roba a ƙarƙashin kowace ƙafa. Kafinta ya yi alkawarin ko buhun siminti aka ɗora mata ba za ta ce uffan ba.

Allah ya ba mu haƙurin rashi. Wanda kuma yake son sanin ko labarinsa ya yi daɗi, ya san ɗakin da zai ƙwanƙwasa.