Yadda Za Ka Riƙe Gidan Haya a Sodiko Ba Tare da Ka Gyara Komai Ba

Ka ba ni kunnenka yanzu, in ba ka sana'ar da za ta ciyar da kai har tsufa. Duk wanda ya bi matakan nan bakwai, na lamunce masa: kafin damina biyu zai zama cikakken jeran, wato mai kula da gidan hayar wani, 'yan bensikin masu babur ɗin haya suna ce masa patiro, wato maigida, a bakin titi, alhali bai taɓa riƙe guduma ba.

Ka san a nan Duwala, unguwar New Bell ta cika ta batse. Makepe kuwa sai mai mota. Saboda haka kowa ya tsallaka gada ya nufi Sodiko, inda gidaje ke tsirowa kamar naman kaza, motocin yammacin ƙasa na wucewa dare da rana. Masu gidajen ba su da lokaci, 'yan haya ba su da zaɓi. A tsakaninsu akwai wani ɗan fili mai ni'ima. Nan za ka shimfiɗa tabarmarka.

Ni ban ƙirƙiri ilimin nan ba. A wurin Nuru na gan shi, maƙwabcina, wanda Alhaji Ɓoɓɓo mai fataucin shanu ya damƙa wa gida mai ɗaki takwas. Alhaji mutumin Ngaundere ne, sai ya yi wata huɗu bai leƙo Duwala ba. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: "Nuru, ranar da ƙarar ɗan haya ta iso kunnena, ranar za ka ajiye mini makullaina." Ka lura da kyau. Bai ce kada a yi ƙara ba. Cewa ya yi kada ta iso. Duk karatunmu a nan yake.

Mataki na ɗaya: Ka yi kama da ofis

Ka nemi jakar hannu baƙa, ko da babu komai a ciki sai goro. Ka sa a rubuta maka allo da Faransanci. Na Nuru cewa ya yi "Nuru da 'Ya'yansa Maza", ga shi kuwa 'ya'yansa huɗu duk mata. Ba wanda ya taɓa tambaya. Ofishin kansa benci ne a gefen mai shayi.

Waya biyu za ka riƙe. Ta mai gida kullum a cike da wuta. Ta 'yan haya kuwa, Allah Ya jiƙan batirinta.

Mataki na biyu: Titi za ka sayar, ba ɗaki ba

Wanda ya zo Sodiko ba kyan gini ya kawo shi ba, hanyar zuwa aiki yake nema. To ka ce masa gidan minti biyar ne daga babban titi. Kada ka faɗi minti biyar a kan me. A ƙafa ne, a bensikin ne, ko a bayan shirwa, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa.

Ranar Lahadi da hantsi za ka kai shi gani, lokacin da gada take fayau kamar an share. Haka Nuru ya yi wa Malama Latifa. Haifaffiyar New Bell ce, kakanta na cikin waɗanda suka sari unguwar, ta yi boko mai zurfi, tana aikin ofis a Akwa, can tsallaken gada. Ɗaki biyu take nema a ƙasa, ita da mahaifiyarta Dada, wadda gwiwa ta hana hawa bene.

"Musiye Nuru, ranar Litinin ma haka hanyar take?"

"Madam, hanya ai ba ta san Litinin ba. Tana nan inda take."

Ka ji amsa. Babu ƙarya a ciki ko ƙwaya ɗaya. Masu iya magana sun ce, in ma ba su ce ba ni na ce: mai ƙarya rago ne, gwani da gaskiya yake cuta.

Mataki na uku: Fenti kala biyu

Gidan Alhaji a kwari yake. Duk damina ruwa na shiga ya bar zane a bango daidai gwiwa. Wawa zai haƙa magudana. Kai ka sayi fenti. Daga zanen zuwa ƙasa ka shafa ruwan ƙasa mai duhu, daga nan zuwa sama fari tas. Sunan wannan "modan". Duk abin da ka kasa bayaninsa a gidan haya, ka ce modan ne.

Kuma da rani ake nuna gida. Jeran da ya kai baƙo gani a watan Agusta, ya nemi wata sana'a.

Ka yi hattara da tsofaffi, idonsu a ƙasa yake. Dada ta leƙa ɗakin maƙwabta ta juyo.

"Ɗan nan, me ya sa kowa ya ɗora gadonsa a kan bulo?"

"Dada, lafiyar baya ce. Likitoci suka ce a riƙa kwana a sama."

"Har da murhun ma ciwon baya yake yi?"

Nan sai wayarka ta yi ƙara. Ka koyi sa ta ƙara da kanka.

Mataki na huɗu: Takarda, sannan ka kashe ta

Jeran na gaske ba ya ba da ɗaki da baki. Sai da takardar yarjejeniya, kontira ke nan, da Faransanci mai kauri, a buga mata hatimi. Hatimi a garin nan kashe ake ce masa, kuma sunan ya dace, don duk takardar da aka buga wa shi magana ta mutu.

Kada ka kai wa lauya kuɗinka. Nuru wurin wani abokinsa ya je a Yupwe, bakin ruwa inda ake sauke kifi, mutumin da shi ma yake ba da haya. Ya aro tasa, aka shafe sunaye, aka buga kofi hamsin. Shi Nuru Faransancinsa na baki ne, na ciniki da faɗa da ɗan tasi. Sauran 'yan hayan shida kuwa 'yan kasuwa ne daga arewa, kowa dangwala yatsa ya yi ya karɓi makulli. Shekara uku takardar nan na aiki ba ta taɓa tari ba.

Latifa ta zauna a bencin ta karanta. Ta koma farko ta sake karantawa.

"Musiye Nuru, ka tabbata wannan ce takardar gidan?"

"Madam, kalli kashe. Har biyu."

Ta yi murmushi, ta sa hannu, ta ce shi ma ya sa a madadin Alhaji, ta ninke kofi ɗaya ta jefa a jaka. Nuru ya zo yana ba mu labari wai ya ci 'yar boko da yaƙi. Ni dai ka rubuta wannan ka ajiye: in ɗan boko ya ɓata rai a kan takarda, ka ci riba. In ya yi murmushi, ka nemi mai karanta maka.

Mataki na biyar: Ashiya

Damina za ta zo, ba ta taɓa fashi ba. Ruwan Duwala ba ya sallama. Wayar 'yan haya ta mutu, to, amma suna da ƙafa, za su same ka a benci. Makaminka kalma ɗaya ce da muka ara wurin masu Pijin: ashiya. Sannu ce, amma sannun da ba ta da ɗawainiya. Rufi na yoyo? Ashiya. Bayan gida ya cika? Ashiya, ashiya. Ka karkata kai, ka dafa ƙirji.

Mustafa mai takalma, na ɗaki na uku, ya zo jiƙe sharkaf.

"Nuru, kayana sun fita yawo! Na tsinci ƙafar dama a ƙofar masallaci, ta hagu har yanzu ban gan ta ba!"

"Ashiya, Malam Mustafa. Mai gyara na hanya, yana kan gada."

Ka riƙe wannan ma. A garin nan ba a ƙaryata mutumin da aka ce yana kan gada. Na Nuru wata biyu ya yi a kanta.

Mataki na shida: Kada mai gida da ɗan haya su ga juna

Wannan shi ne ginshiƙi. Ka gaya wa mai gida 'yan hayansa masifaffu ne, ganinsu na tayar da hawan jini. Ka gaya wa 'yan haya mai gida ba shi da lafiya, an hana shi jin magana. Nuru ya yi duka biyun, ya yi su da kyau. Abin da ya manta shi ne New Bell ba ta da bango. Aka yi suna a can unguwar, Dada ta je, aka zaunar da ita tabarma ɗaya da matar Alhaji, wadda ta zo sunan daga Ngaundere, aka tambaye ta ya sabon gida. Tsohuwa ba ta kai ƙara ba. Cewa kawai ta yi, "Alhamdu lillahi, Hajiya, yanzu ko alwala ba na sauka daga gado."

Kwana huɗu sai ga Alhaji Ɓoɓɓo a Sodiko. Ɗan bensikin ya sauke shi nesa, ya ce daga nan sai kifi. Ya shigo tsakar gida ya tattare babbar riga zuwa cinya, ruwa na wasa da ƙwaurinsa. Aka nemo Nuru.

Nuru bai razana ba, a nan na sara masa. Ya buɗe jaka ya zaro kontira.

"Alhaji, ruwa na Allah ne. Kuma duk sun sa hannu. Ga kashe."

"Gaskiya ne, mun sa," in ji Latifa daga bakin ƙofarta. "Baba Alhaji, in karanta maka da Hausa?"

"Karanta, 'yata."

"Sharaɗi na uku. Mai abin haya ya lamunce ruwa ba ya shiga cikinsa. In ya shiga, shi zai toshe, shi zai kwashe, kuma ba a biyan hayar ranar."

Alhaji ya dubi Nuru. Nuru ya dubi sama.

"Sharaɗi na huɗu. Mai abin haya zai ba da filafili biyu, da igiyar ɗauri, da gwangwanin kwarfar ruwa."

"Filafili? Na me?"

"Na tuƙi, Baba. Takardar hayar kwalekwale ce. Ga shi a sama an rubuta. Mu duka hayar jirgi muka yi a wurinka."

Mustafa ya zauna daɓas a cikin ruwa don dariya. Dada ta leƙo ta taga ta ce ita nata filafilin a ba ta mara nauyi.

Darasin yana nan: ko an kama ka, kada ka bar bakinka ya mutu. Nuru ya gyara hula ya ce, "Alhaji, tsakani da Allah, ka dubi gidan nan ka dubi takardar. Wace ce ta fi dacewa da shi?"

Alhaji dai tafin hannu ya miƙa.

Mataki na bakwai: Ka miƙa da hannu biyu

In ranar ta zo, kada ka tsaya jayayya a cikin ruwa. Ka miƙa makullai da ladabi, ka ce dama kana shirin hutawa. Alhaji ya karɓa ya juya ya ba Latifa, ya ce tunda ita ke karanta abin da ake sa masa hannu, ta riƙe.

Abin da ta yi da su kuwa abin kunya ne ga sana'a. Ta sa an haƙa magudana. An ɗaga daɓen ɗakuna. Waya ɗaya gare ta, kuma tana ɗauka. Masu gidaje uku na layin sun kori nasu jeran sun kawo mata makullai. In irin wannan ya yaɗu, ban san abin da mutanen kirki za su ci ba.

Sanarwa

Ni mai wannan rubutu ba ni da gida, ba ni da kwalekwale, ban kuma aiki kowa ba. Wanda ya bi matakan nan ya ci riba, rabonsa ne. Wanda aka kai gaban hukuma, ko 'yan haya suka yi masa wanka a tsakar gida, kada ya ambaci sunana, don rantsuwa zan yi ban san shi ba.

Nuru yana gaishe ku. Ya samu wani gida a can gaba da Sodiko, ya kuma aro sabuwar takarda a kasuwar shanu, ya rantse babu ruwa a cikinta ko ɗigo. Na kai wa Latifa ta duba. Ta ce gaskiya ya faɗa, babu ruwa. Sai dai mai gida ne zai riƙa kawo wa 'yan haya ciyawa safe da yamma.