Rasuwar Titi, Rigar Rawata

Da zuciya mai nauyi da baƙin ciki, ni Ɗaso, matar marigayi Mahmudu, ta unguwar Tandabawi a Makka, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar abokiyar zamana, Titi, rigar rawa ta saƙar hannu da ake ɗaurawa a ƙugu.

An haifi marigayiya a Niue, wani ɗan tsibiri can tsakiyar teku, inda aka saƙa ta da zaren ɓawon itace mai kama da rama. Ta iso Makka a jakar Hajiya Moka, wata baiwar Allah da ta musulunta ta zo Umara, zazzaɓi ya kayar da ita a masaukinta na unguwar Misfala. Ni na yi jinyarta da kunu. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Larabci. Ranar tafiyarta ta ɗaura mini Titi bisa zanina, ta kaɗa ƙugu ta nuna mini yadda ake yi, muka yi ta dariya har da hawaye. Ban sake jin labarinta ba.

Marigayiya ta kasance mai kunya, ba ta taɓa fita gaban maza ba. Amma ta halarci bukukuwan mata masu yawa, ciki har da na 'yata Maha, inda ta sa tsofaffi suka ajiye sanduna. Bayan yara sun watse, Maha a Jidda, Sami a Riyad, ita kaɗai ke amsa mini a gidan nan. In na taka, sai ta ce shaa, shaa.

Ciwon ajalinta bushewa ne. Zafin garin nan da iskar mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, suka tsotse ta, zare ya riƙa zuba ina sharewa. Na shafa mata man zaitun, bai yi ba. Ranar Talata da hantsi igiyar ƙugun ta tsinke a hannuna.

Ta bar ni, da rediyo, da jikoki biyu da ba su taɓa ganin ta tana rawa ba.

Za a naɗe ta a farin ƙyalle a sa a ƙasan akwati ranar Juma'a bayan La'asar. Zaman ta'aziyya a ɗakina, bene na uku. Akwai shayi da dabino. Don Allah kada a yi ta waya, a zo. Ko wanda bai san ta ba ya zo.