Ashe Ni Ne Mai Naci Sau Dubu Tara

Jama'a, kwanakin baya na ture keken ɗinki gefe, na ɗauki waya zan yi wa Autata rajistar jarrabawa, don ranar Juma'a ake rufewa. Dannawa ɗaya na yi, shafin hukumar ya ce: "An dakatar da kai. Ka gwada sau dubu tara yau." Ni da sai na nemo tabarau kafin in rubuta sunana!

Mai gyaran takalmin da ke gefena ya leƙo ya ce, "Kai ma? Ni dubu tara da ɗaya aka ce."

Na garzaya wurin 'yar maƙwabcina, Injiniya, wadda aikinta haɗa na'urori da intanet. Tana dubawa ta tuntsire da dariya.

"Kawu, ka ga hoton ɗan kwaɗon kulle ɗin nan a saman shafin? Makon jiya Mai Girma Uban Tsaro na hukumar ya ƙaddamar da shi. Yanzu saƙonka a kulle yake tafiya, ba mai leƙawa, kuma hakan ya yi kyau. Sai dai na'urar da suka ajiye a ƙofa tana buɗe saƙon ta miƙa ciki, ba ta faɗin adireshin wanda ya aiko, sai nata. Sai babbar kwamfutar da ke ciki ta ɗauka dukanmu mutum ɗaya ne mara aikin yi."

Na ce, "Gyaran fa?"

"Layi biyu ne. Ta ƙofa ta haɗa da adireshin mai saƙo, ta ciki kuma ta karɓa daga hannunta kaɗai."

Ta rubuta mini a takarda, na kai ofishin hukumar da ƙafata. Magatakarda ko kallonta bai yi ba.

"Malam, kwantar da hankalinka. An kafa kwamitin mutum goma sha biyu don kamo wanda ya addabi shafinmu. Har mun samo adireshinsa."

"Ikon Allah! Ina yake?"

Ya rage murya. "Abin tsoron ke nan. A cikin ginin nan yake."

Ranar Juma'a ni da Auta muka yi awa huɗu a layi, aka yi mata rajista da biro, saura minti goma a rufe.

Yau na ji kwamitin ya cafke mai laifi: sun zare wayar na'urar ƙofa, sun kulle ta a sito, shafin ya daina buɗewa. Mai Girma ya sanar cewa tun daga lokacin ko mutum ɗaya bai sake damun shafin ba. A wannan kam, ni shaida ne, bai yi ƙarya ba.