Littafi Dubu Arba'in a Gonar Shinkafa

Jama'a, ranar Larabar makon jiya na yi abin da ban taɓa zaton zan yi da furfurata ba: na naɗe wando na shiga gonar shinkafa ina tsinko ilimi daga jikin kara.

Maƙwabcina Malam Ɗantani ne ya ja min. Malamin makaranta ne a Ba'awa, yana karatun digiri, saura masa rubutun ƙarshe kan mutanen da ruwan Tiga ya tasa daga garuruwansu. Malaminsa na jami'a ya ce ko ya kawo hujja daga bugaggun littattafai kafin wata ya mutu, ko ya maimaita shekara.

To, bara duk mun ji a rediyo Mai Girma Sarkin Yankan Ƙyalle, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya buɗe mana Cibiyar Bincike a Tudun Wada. Wai akwai kwamfuta, da faya-fayai masu ƙyalli goma sha biyu ɗauke da littafi dubu arba'in, har da wayar da za ta riƙa tambayo mana ɗakunan karatun Turai. Muka yi awa biyar a layin mai, muka ƙare a wajen 'yan bumburutu, na goya shi a babur.

Mun tarar da maigadi, Baba Mudi, yana shanya kuɓewa a baranda. Muka gaisa.

"Baba, mun zo bincike ne."

"Ku ne na farko. Wa ya ɓata?"

Ya buɗe mana. Ga kwamfuta nan an lulluɓe ta da bargo, wai kada ta yi mura. Wayar Turai kuwa na bi ta da hannu, ta fita ta taga, ta ƙare a jikin darbejiya inda aka ɗaure akuya da ita. Ginin ba a taɓa ja masa wuta ba.

"Faya-fayan fa, Baba?" in ji Ɗantani.

"Madubban nan? Ai suna bakin aiki. Yallaɓai Garkuwan Ilimin Zamani ya ga suna zaune a banza, ya kai su gonarsa suna korar tsuntsaye."

Ku ji hangen nesa! A Turai mutane kawai ke amfana da littafi, mu nan har tsuntsu jan-baki ya san da zamansa.

Haka muka shiga gonar muka tsinko bakwai, muka goge musu kashin tsuntsu. Muka aro janareta wajen mai gidan bidiyo, na tsiyayo man babur ɗina na zuba. Abin mamaki, kwamfuta ta kama. Ɗantani ya yi bismilla, ya danna TIGA da yatsa ɗaya.

Ta kawo littafi ɗari uku. Duka a kan damisar Indiya. Ashe da Turanci sunan dabbar ya yi kusa da haka, ita kuma na'ura ta ɗauka mu ne ba mu iya rubutu ba. Yadda take farauta, yadda take haihuwa, komai akwai. Mutanen da ruwa ya cinye musu gidaje da kaburburan iyaye, ko layi ɗaya babu. Ɗantani ya zauna a ƙasa, idonsa ya kawo ruwa.

Ni na ce masa mu je wajen Baba Sale, wani tsohon masunci da ruwan ya taso da iyalinsa. Ya lissafa mana garuruwan ɗaya bayan ɗaya, da rijiyoyinsu, da wanda ya ƙi tashi sai da ruwa ya zo masa gwiwa. Ɗantani ya cika littafin rubutu biyu. Da malaminsa ya ce bai yarda da hujjar da ba ta da marfi ba, sai ya koma ya ɗauko tsohon ɗungurungum ya dire masa a ofis.

Malamin ya gyara tabarau. "Ai mu ba ma karɓar hujja sai wadda aka buga. Baba, an taɓa buga ka?"

"Sau ɗaya, ranka ya daɗe. Ranar da aka tashe mu, wani mai kulki, a nan gadon bayana."

Malamin ya ɗauki biro ya rubuta: Sale, bugun farko. Ya sa hannu. Ɗantani ya haye.

Ni ma dai na ƙaru da ilimin zamani. Ashe a ƙasar nan talaka ba ya zama hujja sai an buga shi.