Ranar da Na Roƙi Farfesa Irin Roƙon Gida

Ba na jin zan taɓa mantawa da zufar da na haɗa a falonmu na unguwar Sentul a Malesiya lokacin kullen korona. Malamin da ke duba aikina na digirin digirgir ya ajiye aiki ba zato, bizata kuma ta kusa ƙarewa. In wani malami bai karɓe ni ba, babu sabunta biza, sai dai ni da matata Hadiza da yara mu tattara mu koma Kano hannu rabbana. Ko abinci ba na iya ci.

Mutum ɗaya nake so, wata farfesa 'yar Malesiya da ta fi kowa sanin fannina, kuma ban tuntuɓi kowa ba sai ita. Ta ba ni lokaci ta bidiyo. Na ɗora kwat a kan wandon barci (kyamara ai ba ta kai ƙasa).

A gida in za ka roƙi babba, nuna masa kake yi ba ka da kowa sai Allah sai shi. Na laluba Turancin da zai ɗauki wannan nauyi, na tuno "last resort" da nake gani a takardun ofis. Na marairaice na ce mata ita ce last resort ɗina, har na maimaita don ya shiga.

Ta cire gilashi ta dube ni. "Su wa suka ƙi ka kafin ka zo wurina?"

Ta bayyana min a natse cewa ana faɗin haka ne kan abin da ba a so, wanda ake komawa gare shi bayan duk dabara ta ƙare. Ɗalibin da kowa ya guje wa kuwa, dole ta san dalili.

Na shiga lissafi. In na ce ba kowa, na ƙaryata kaina. In na ƙirƙiri sunaye, abokan aikinta ne, waya ɗaya ta isa. Hadiza na bakin kicin ta dafe kai. Haka na faɗi gaskiya ina in'ina, har da laccar yadda ake roƙon manya a Kano.

Da na gama sai ta ce, "Boleh," wato ta yarda. Amma a taron ɗalibanta na farko, da sunan "wanda ya rasa kowa" ta gabatar da ni, sunan kuma ya bi ni har na gama.

Tun daga nan, in zan nemi alfarma da Turanci, buƙatata kawai nake faɗa in ja bakina in yi shiru.