Motar Amarya Ba Ta da Safaya

"...Lafiya lau, sai ciwon gwiwa. Ke kuma wa ya aike ki sayen kwandon wanki mai taya huɗu?"

Kaka ke nan, daga kan kujerarsa ta ƙofar gida, yake tarbar jikarsa da sabuwar motarta. Uwarta ta rantse yarinyar ba za ta hau babban titi ba sai tsohon ya duba motar ya ce ta yi, ga shi gobe take son zuwa garin da aka ba ta aiki. Shi kuwa tun da idonsa ya yi rauni aka raba shi da tuƙi, shi ya sa kowace mota ta shigo layin sai ta sha zagi.

"Hassada ce, tsoho," in ji ta. "Miji ya kasa saya wa matarsa ko keke."

"Na sake ki tun kina rarrafe. Buɗe but in gani."

Ya ɗaga shimfiɗar, ya laluba, ya sake lalubawa. "Ina safaya?"

"An daina yayi. Ga kwalbar gam, ga injin iska. Ƙusa ta huda, in ɗura, in hura, in wuce."

"Wannan ai maganin tari ne! In taya ta yage fa?"

"In buga waya."

"A dajin da ko aljani ba ya samun sabis?"

"To in da safayar, wa zai ɗaga jak? Kai da butar alwala ke kayar da kai?"

"Ni? Na taɓa ɗaga tirela da kafaɗa, ina shan shayi!"

"Bara ka ce bas ce."

"Ta girma."

Dariya take, amma hukuncinsa take jira. In ya ce a'a, magana ta ƙare.

Tsohon ya shige ɗakin ajiya, aka ji kwaramniya, sai ga shi yana gungura taya, a goge tas, iska cike. Ta tsohuwar motarsa ce da aka sayar tuntuni. Ashe ɓoye ta ya yi, yana lallaɓawa wurin mai faci ana ƙara mata iska.

Jikar ta tsuguna ta duba. "Kaka, ramin notinta huɗu, tawa biyar. Ba za ta shiga ba."

"Idona ne ya mutu, ba yatsuna ba. Na shafa na ji. Ki biya kasuwa ki sayi daidai ke, sai in ce wa uwarki mota ta yi."

"To wannan fa?"

Ya daɗe yana shafa tayar. "Zaman ɗaki ya ishe ta. Iska take so ta sha."

Ta yi dariya har da ƙwalla, ta cicciɓi tayar ta sa a but, sannan ta buɗe ƙofar gaba.

"Shigo, angona. Ba na ɗaukar kaya babu mai shi."