Gyaran da Na Yi wa Ginin Lima

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin al'adu na makarantar su Hanifa, shekararmu ta farko a Doha. Hanifa 'yata ce, lokacin tana aji ɗaya, kuma tun da muka tare a unguwar Old Airport kullum da kuka take dawowa, ba mai wasa da ita. Sai Allah ya haɗa ta da Lusiya, 'yar ƙasar Peru. Ƙawa ɗaya tal. Ni kuwa na riƙa lallaɓa ƙawancen nan kamar ƙwai, don na san idan ya fashe kukan zai dawo.

Malamarsu ta ce yara su haɗu bibbiyu su gina tsohon ginin tarihi da kwali. Suka zaɓi na garin su Lusiya, wato Lima. A falona aka yi aikin, Maman Lusiya na yanka, yara na liƙawa, ni ina kawo shayi (Turancina bai wuce na cefane ba, firamare na tsaya). Da suka tashi suka bar shi ya bushe.

Da safe na tsaya ina kallonsa. Ga ƙubba, ga hasumiya biyu, ga ƙofofi masu lanƙwasa kamar baka kewaye da tsakar gida, ga wurin ruwa a tsakiya. Na ce a raina, Allah sarki, masallaci har a Lima, amma sun manta jinjirin wata! Kada a rage wa yarana maki. Na samo takardar cakulan mai ruwan zinare na yanka uku na liƙa. Hannu ya yi daɗi. Na murza ƙullin fulawa na yi 'yar buta na ajiye bakin ruwan, na jera 'yan takalma a ƙofa. Na lulluɓe da mayafi, Baban Hanifa ya sauke mu a makaranta kafin ya wuce ɗaukar mai gidan da yake wa direba.

Zaure cike da iyaye. Malama ta ce, "Yalla, Hanifa da Lusiya." Lusiya ta ɗaga murya ta ce wannan tsohon coci ne da Sifaniyawa suka gina a garinsu. Coci. Wannan kalmar dai na sani. Kafin in motsa an yaye mayafin.

Maman Lusiya na tsaye da 'yan gicciye uku a tafin hannu (ashe a jaka ta adana su don kada su karye a mota). Ta dubi watan, ta dubi butar, ta dube ni. Na ce shi ke nan, na raba 'yata da ƙawarta.

Sai matar nan ta fashe da dariya har da hawaye, ta rungume ni. Wata likita 'yar Kano ta fassara mini: "Ta ce idonki bai yi ƙarya ba. Maginan Sifaniya a wurin Musulmin Andalus suka gaji irin bakan nan." Muka ɓamɓare watan tare, ni ina "sori, sori", ita tana "khalas", wato ya wuce.

A mota Baban Hanifa ya ce, "Maman Hanifa, ke kaɗai kin musuluntar da gini da takardar cakulan?"

Har yau yaran nan tare suke, alhamdulillahi, Allah ya saka wa Maman Lusiya da alheri. Ni kuma idan hannuna ya fara ƙaiƙayin gyara kayan mutane, zama nake a kansa sai na tambaya.